Yadda hutun ƙarshen mako ya ƙanƙance a Kano, daga bakin ruwan Tiga zuwa bencin mai shayi

Idan ka tambayi Bakano da ya haura shekara hamsin inda samarin zamaninsa suke zuwa shan iska ranar Asabar ko Lahadi, da wuya ya rufe baki bai ambaci Bagauda da Tiga ba. Abokai su haɗa kuɗin mai, a cika mota, a ɗauki tabarma da kular abinci, a nufi kudu da gari, a wuni a bakin ruwa, a dawo bayan Magariba. Ka yi wa ɗansa mai shekara talatin irin wannan tambaya, amsar da za ka samu ba za ta wuce majalisar unguwa, ko gidan kallon ƙwallo, ko wani gidan abinci a Titin Gidan Zoo ba. Mai yiwuwa ma bai taɓa ganin ruwan Tiga da idonsa ba, alhali tazarar kimanin kilomita 70 ce kawai.

Tsakanin uban da ɗan, birnin ya bunƙasa ta kowace kusurwa, amma da'irar da mazauninsa yake kewayawa domin hutawa da abokai ta tsuke. Abin da ba a cika lura da shi ba kuma shi ne, hutun ya tashi daga filin kowa da kowa ya koma kan teburin da ake biya. Sauyin ya taɓa aljihu, ya kuma fara taɓa abotar kanta, domin yanzu abin da mutum yake samu a wata yana da ta cewa a kan wanda zai zauna da shi ranar Lahadi.

Ƙarshen makon wa ake nufi?

Kafin a je ga wuraren, akwai ƙullin da ya kamata a warware. Hutun Asabar da Lahadi tsari ne na aikin gwamnati da banki da makarantun boko, wanda asalinsa na Turawa ne. Babbar ranar Bahaushe Musulmi ita ce Juma'a, ita ma kuma ba ranar kwanciya a gida ba ce. A yi wanka, a sa manyan kaya, a je masallaci, a biya a gai da iyaye da surukai, mai shago ya koma shagonsa. Makarantun allo kuwa har gobe hutunsu Alhamis da Juma'a ne.

Ɗan kasuwa ba shi da ƙarshen mako irin na ma'aikaci. Asabar tana cikin ranakun da ya fi sa ran ciniki, domin ita ce ranar da ma'aikaci yake samun sukunin shiga Kantin Kwari ko Singa ko Kasuwar Sabon Gari. Lahadi ce wasu layuka suke yin sauƙi, musamman inda 'yan kasuwa Kiristoci suke da yawa, amma Bahaushe mai tebur yakan fito ko da rabin wuni ne, don kada abokin ciniki ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa.

Saboda haka idan abokai biyar suka tashi tare a Fagge ko Gwale, biyu suka kama aikin gwamnati, uku suka bi kasuwa, lokacin da zai haɗa su ɗan kaɗan ne: yammacin Juma'a, da bayan Isha'i ranar Asabar, da La'asar ɗin Lahadi. Wannan ɗan lokacin ma yana da masu hannu a cikinsa. Ɗaurin aure ya fi faɗowa a waɗannan ranaku, ga suna, ga ta'aziyya, ga dubiya, ga taron tsofaffin ɗalibai da na ƙungiyar unguwa. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma tsaftar muhalli takan riƙe mutane a gida har ƙarfe 10 na safe. A maƙwabciya Kaduna, gwamnati ta mayar da ranakun zuwa ofis huɗu tun watan Disambar 2021. Ma'aikacin Kano kuwa yana fita ranar Juma'a, ko da yake ana tashi da wuri saboda masallaci.

Wanda yake mamakin yadda gidajen abinci na Kano suke zama fayau da rana su cika bayan Isha'i, daga nan zai fara fahimta. A haɗa da yanayi: a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, babu mai hankalin da zai ce da abokansa su fita yawo da tsakar rana.

Gadon Audu Bako

Yawancin wuraren da tsofaffi suke ambato da kewa, aikin gwamnati ɗaya ne. Alhaji Audu Bako, kwamishinan 'yan sandan da ya zama gwamnan Jihar Kano na farko daga 1967 zuwa 1975, shi ya kafa Gidan Zoo a farkon shekarun 1970, a lokacin da wurin yake bayan gari. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974. Babbar manufar ita ce noman rani a yankin Kadawa da Kura da samar wa birni ruwan sha, amma masu tsara aikin ba su manta da shaƙatawa ba, suka ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan. Haka aka yi a Bagauda, inda aka gina masauki a bakin tafki.

Abin lura a nan shi ne tunanin da ke bayan aikin. Gwamnati ta ɗauki wurin hutawa a matsayin kayan more rayuwa, kamar asibiti da titi. Malamin firamare da direban tasi da ɗan tireda duk suna iya tsayawa a bakin ruwa ɗaya.

Yau masaukin Bagauda ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Amfani ne mai kyau, amma ƙofar ta rufe ga mai zuwa shan iska. Ruwan Tiga yana nan, masunta suna nan, manoman shinkafa da tumatir suna cin moriyarsa, sai dai masaukin ya daɗe da rasa martabar da aka san shi da ita. Gidan Zoo kuwa gari ya cim masa ya kewaye shi, har filinsa ya zama abin kwaɗayi. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta taɓa bayyana shirin mayar da shi Tiga, bisa hujjar cewa hayaniya da cunkoso suna cutar da dabbobin. Hujjar tana da kama, kuma tserewar wani zaki daga kejinsa a watan Oktoban 2019 ta nuna cewa akwai gyara. Amma masu adawa da shirin sun yi tambayar da ta dace: idan aka kai shi kilomita 70, ɗan talakan da ke Sheka ko Hausawa da me zai je? Duk wanda ya ga layin yara a ƙofar gidan a ranakun Sallah ya san yawan mutanen da nan ne iyakar yawon buɗe idonsu a shekara.

A cikin birni kuma akwai wuraren da baƙo daga Turai ko Legas ya fi ɗan gari sanin su. Gidan Makama, wanda asalinsa yake komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ga Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makarantar boko a farkon mulkin Turawa. Ga karofin Ƙofar Mata, inda har yanzu ake rini da baba da toka. Ga Kasuwar Kurmi, ga Dutsen Dala da Goron Dutse, waɗanda idan mutum ya hau su da sassafe ko gab da faɗuwar rana zai ga birnin shimfiɗe a gabansa. Kuɗin shiga waɗannan wurare, inda ake karɓa ma ke nan, bai kai na farantin abinci a gidan cin abinci na zamani ba.

To me ya hana mutane zuwa? Wani ɓangare na amsar yana cikin agogo. Gidajen tarihi suna bin lokacin aikin ofis, suna rufewa daidai lokacin da ɗan kasuwa yake fara samun kansa. Wani ɓangaren kuma rashin kulawa ne. Gine-gine sun matse Dala, zaizaya tana cin gefensa, shara tana taruwa. Ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12 ta zaizaye a wurare da dama, wani wurin an ɗebe ƙasarta, wani wurin an yi gini a kanta. Mutum yana iya zuwa sau ɗaya da baƙo, amma babu benci, babu inuwa, babu banɗaki mai tsafta da za su sa ya dawo da iyalinsa a mako mai zuwa.

Filayen da ba su da tarihi ma ba su tsira ba. Filin wasan unguwa da bakin kududdufi da gefen makaranta, da yawa sun zama shaguna da filoti. Rusau ɗin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta yi a watan Yunin 2023, wanda ya shafi gine-gine a Filin Sukuwa da Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ya raba kan jama'a sosai, kuma akwai 'yan kasuwar da suka tafka asara mai yawa. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, rikicin ya fito da abu guda fili: a Kano, ƙasar da ba a yi gini a kanta ba ana kallon ta a matsayin wadda ba ta da mai ita.

Yadda da'irar ta tsuke

Ba a rana ɗaya Kanawa suka daina yin nisa ba. Hare-haren ranar 20 ga Janairu, 2012, waɗanda suka yi sanadin mutuwar mutum fiye da 180, sun kawo dokar hana fita da shingayen bincike a manyan tituna. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa, wanda shi ne abin hawan mai ƙaramin ƙarfi zuwa kowane lungu a kowane lokaci. A watan Yulin wannan shekarar bama-bamai suka tashi a Sabon Gari da dare, a yankin da mutane suke taruwa hira da shaye-shaye. Sai harin Babban Masallacin Juma'a a watan Nuwamban 2014. A cikin waɗannan shekaru mutane suka koyi gudun taro da komawa gida da wuri. Zaman lafiya ya dawo birnin, alhamdu lillahi, amma ɗabi'ar da tsoro ya koyar ba ta tafi gaba ɗaya ba.

Daga baya matsalar ta sauya kama. Dajin Falgore, wanda a da aka keɓe shi domin namun daji a kan hanyar Jos, ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu, har sojoji suka kafa wurin atisaye a cikinsa. Doguwar tafiya zuwa Yankari a Jihar Bauchi domin wanka a ruwan ɗumi na Wikki, ko zuwa Jos domin shan sanyi, ta zama abin da ake shawara da iyali kafin a yi. A cikin gari kuma ƙwacen waya ya sa mutum yana lissafin layin da zai bi idan dare ya yi. Dokar da aka kafa a watan Yulin 2022, wadda ta hana a daidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ta yanke wa wanda ba shi da abin hawa lokacin tashi daga hira. Mai mota ya zauna har sha biyu, marar mota ya fara duba agogo tun tara da rabi.

Sai kuma mai gayya mai aiki, wato kuɗin fetur. Kafin Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin gwamnati bai kai Naira 200 a lita ba. Zuwa ƙarshen 2024 ya haura Naira 1,000. Lissafin mai sauƙi ne. Zuwa Tiga da dawowa kimanin kilomita 140 ne. Idan mota tana cin lita ɗaya a kowane kilomita goma, lita 14 ke nan. A tsohon farashi abin bai kai Naira 3,000 ba. A kan Naira 1,000 kuwa ya zama Naira 14,000, tun ba a sayi ko ruwan leda ba. Mafi ƙarancin albashin da Jihar Kano ta amince da shi a 2024 shi ne Naira 71,000. Ke nan man wuni ɗaya a bakin ruwa yana iya cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na albashin ƙaramin ma'aikaci, a shekarar da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a watan Yuni.

Ɗan kasuwa ma bai tsira ba, ko da yake ana yi masa kallon mai kuɗi a hannu. Abin da ke hannunsa jari ne, kuma duk lokacin da ya koma saro kaya sai ya tarar farashi ya wuce inda ya bar shi. Naira dubu ashirin da zai kashe a yawo, rabin dila ce ko katan ɗin da ba zai iya maye gurbinsa ba.

Inda ake zama yanzu

Da gwamnati ta janye daga harkar, 'yan kasuwa suka shigo. Buɗe rukunin kantuna na Ado Bayero a Titin Gidan Zoo a 2014 ya ba matasa da iyalai wani sabon abu: wuri mai sanyi da haske da masu gadi, inda mutum zai iya zagayawa ko bai sayi komai ba, ga kuma gidan sinima. Ficewar kantin Shoprite daga wurin a watan Janairun 2024 ta rage masa armashi, ta kuma nuna yadda aljihun masu saye ya yi rauni.

A Nasarawa da Bompai da Titin Gidan Zoo gidajen abinci sun yawaita. Wasu sun gaji girkin Larabawan Lebanon da suka daɗe a Kano, wasu na Indiya da Sin, wasu kuma tuwo da miyar kuka da masa da dambu ne aka zuba a faranti mai tsada. Yana da kyau mai zuwa ya san abin da yake biya. Kuɗin abincin kansa kashi ne kawai. Sauran na haya ne, da albashin ma'aikata, da dizal ɗin janareta, da wutar lantarki, wadda aka ninka farashinta fiye da sau uku ga masu rukunin A a watan Afrilun 2024, sannan a ƙasan rasit a ɗora harajin VAT na kashi 7.5. A taƙaice kujera da sanyi da kwanciyar hankali ake saya, abincin rakiya ya yi. Wasu ma hoton da za su ɗora a Instagram ko TikTok ne ya kawo su, abin da masu wuraren suka fahimta sarai, shi ya sa suke kashe kuɗi a kan fitilu da adon bango.

Amma wannan duniyar 'yan ƙalilan ce. Ainihin hutun ƙarshen mako na yawancin mazan Kano yana kan benci da tabarma. Teburin mai shayi, da Indomie da ƙwai, shi ne gidan abincin talaka kuma zauren muhawararsa, inda ake tattauna siyasa da farashin buhun shinkafa da rikicin masarauta. Kusa da shi ga mai tsire da balangu, ga mai gurasa bandashe da ƙuli da albasa, ga shagunan fura da yogot da suka bazu a unguwanni. Da abin da mutum ɗaya zai kashe a Nasarawa, majalisa guda tana iya cin nama ta sha shayi.

Ƙwallo ita ce ta fi komai tsara Asabar da Lahadi. Gidajen kallo suna cika saboda gasar Firimiyar Ingila da ta Sifaniya, kuma a nan ne ɗan Kwari da ma'aikacin sakatariyar Audu Bako suke zama kafaɗa da kafaɗa, su yi gardama kamar za a doku, su rabu suna dariya. Ranar Lahadi da La'asar, idan Kano Pillars tana gida, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana ɗaukar jama'ar da ƙungiyoyi kaɗan ne a ƙasar nan suke samun irinta, kuma ba banza ba, ƙungiyar ta ci kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Masu son dambe kuma suna da dandalinsu a Sabon Gari, da kiɗa da kirari da rabuwar Kudu da Arewa da Guramada. Tsofaffin gidajen sinima irin su Plaza da El Dorado da Marhaba, inda iyayenmu suka kalli fina-finan Indiya, zamaninsu ya shuɗe, waya da gidan kallo sun gaje su.

Batun mashaya

A Legas ko Fatakwal, idan aka ce abokai sun fita ƙarshen mako, mashaya tana cikin lissafi. A Kano lamarin daban yake ta fuskar addini da al'ada da doka. Jihar ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, ta kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003, sannan a 2004 aka yi dokar da ta haramta sayarwa da shan barasa a faɗin jihar. Hisbah takan farfasa kwalaben da ta kama a bainar jama'a: kusan miliyan biyu a watan Nuwamban 2020, kusan miliyan huɗu a watan Fabrairun 2022.

Duk da haka kowa ya san Sabon Gari, unguwar da aka kafa wa baƙi 'yan Kudu jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, tana da mashayu da wuraren gasa kifi da farfesu, kuma ba baƙi kaɗai suke zuwa ba. Yawan kwalaben da ake fasawa shi kansa shaida ne cewa akwai masu saye. Akwai kuma tsohuwar gardamar da takan taso duk lokacin da aka yi fashe-fashen, cewa jihar tana karɓar kasonta na harajin VAT wanda har da na barasa a ciki. Masu kare dokar suna amsawa da cewa Kano ma tana zuba nata kason mai yawa a wannan asusu. Ga mai karatu dai abin da ya kamata ya sani shi ne, dokar tana nan, kamu yana faruwa, kuma ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai mutunci, tozarcin ya fi tarar ciwo.

Abin da ya fi damun iyaye a yau ma ya wuce kwalba. Wuraren shan shisha sun yawaita har hukumomin jihar suka hana ta a 2021. Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan wani rahoton BBC da ya nuna yadda matasa, har da mata, suke shan sa a Kano da wasu garuruwa. Ga shagunan cacar ƙwallo, waɗanda Hisbah ta rufe da dama daga cikinsu a watan Oktoban 2024. A ganina hani yana da muhallinsa, amma saurayi mai shekara ashirin da biyu da aka rufe masa wannan ƙofa, idan bai samu filin ƙwallo ko ɗakin karatu ko lambu mai fitila a unguwarsu ba, zai nemi wani lungun ne, kuma lungun ba zai fi na farko haske ba.

Wa zai biya?

Nan ne maganar ta fi nauyi. A al'adar Bahaushe, wanda ya gayyata shi ke biya, in kuma ba gayyata ba ce, wanda ya fi hali ko ya fi shekaru shi ke miƙa hannu aljihu, sauran su yi ta cewa “haba Alhaji, bari mana”, har a ɗan yi ja-in-ja ta girmamawa. A raba kuɗin abinci kowa ya biya nasa, a da abin kunya ne, ana kiran sa rowa ko halin Turawa. Tsarin yana tafiya ne bisa amanar cewa yau kai gobe wani.

Tsada ta karya wannan amana ba tare da kowa ya yi laifi ba. Ma'aikacin da ke mataki na takwas, wanda albashinsa yake ƙarewa kafin ashirin ga wata, ya san ba zai iya rama teburin da abokinsa na Kwari ya biya ba. Sau ɗaya, sau biyu, a na uku sai ya ce yaro ba shi da lafiya, ko yana da ɗaurin aure. Shi kuma mai biyan, ranar da kasuwa ta yi masa tsaye, kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba, sai ya daina ɗaga waya ranar Asabar. Babu wanda ya yi faɗa da wani, amma majalisar mutum takwas ta koma ta uku, sauran sai gaisuwa a zauren WhatsApp.

Wani zai ce ai hira ce kawai aka rasa. Wanda ya san Kano ya san abin ya fi haka. A majalisa ake jin labarin shagon da za a saki a Wambai, da gurbin aikin da za a buɗe, da likitan da ya iya ciwon da ke damun mahaifiyar wani. A nan ake samun wanda zai tsaya wa mutum a ba shi kaya bashi, a nan ake binciken asalin mai neman auren 'ya, a nan ake haɗa gudummawa idan gobara ta ci rumfar ɗaya daga ciki. Ma'aikaci yana buƙatar ɗan kasuwa ranar da albashi ya makara, ɗan kasuwa yana buƙatar ma'aikaci ranar da takardarsa ta maƙale a ofis. Idan wurin zama ya rarraba su bisa nauyin aljihu, kowannensu ya yi asarar abin da ba a sayarwa a kanti.

Wasu majalisu sun samo mafita, kuma daga cikin al'ada suka ɗauko ta. Akwai masu karo-karo a farkon wata, a damƙa wa ma'aji, daga ciki ake sayen nama da lemo, ba wanda ya san wa ya ba da nawa sai ma'ajin. Akwai masu zagayen gida-gida kamar adashi, wannan mako a zauren wane, mako mai zuwa a na wane, kowa ya fitar da abin da tukunyarsa ta iya, ko da ɗanwake ne da zoɓo. Matasa kuma sun fara sabawa da kowa ya tura kasonsa ta waya ga wanda ya biya, kuma da yake ba a ƙirga kuɗi a gaban jama'a, kunyar ta ragu.

Duk wannan bayani na maza ne, kuma wannan ma abin dubawa ne. Mace ba ta zama a teburin mai shayi ko gidan kallo. Hutun ƙarshen makonta biki ne da suna da Islamiyya da ziyarar 'yan uwa, kuma sau da yawa aikin gida ya fi yawa a ranakun saboda yara da maigida suna nan. Ma'aikaciya ko 'yar kasuwar da take son zama da ƙawayenta a wajen gida, zaɓinta bai wuce gidan abinci mai tsada ko rukunin kantuna ba. Ke nan rashin lambun jama'a mai tsafta da tsaro ya fi cutar da mata da yara a kan kowa.

Gyaran da ake buƙata bai kai tsadar gadar sama guda ba. A tsawaita lokacin Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa zuwa dare a ranakun Asabar da Lahadi. A sa fitilu masu aiki da hasken rana da benci da masu gadi a Dala da Goron Dutse. A hana yanka filin da aka ware wa lambu a sababbin unguwanni. Tiga ma tana iya dawowa kusa idan aka samu motar haya mai tashi daga cikin gari da safiyar Lahadi ta dawo kafin Magariba, da rigunan kariya ga duk mai shiga kwalekwale, domin hatsarin jirgin ruwa na Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa yara ne, bai kamata a manta da shi ba. Man da ya gagari mutum ɗaya a motarsa, idan aka raba shi tsakanin fasinja 18 na bas guda, kason kowa ba zai fi kuɗin tsire da shayi na dare ɗaya ba.